Fasahar Ɗan Wasa a Finafinan Hausa: Asalinta, Sharuɗɗanta da Matsalolinta

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna ya kalli fim ɗin Hausa, abin da idonsa yake fara sauka a kai shi ne ɗan wasa. Ba ya ganin marubucin labarin, ba ya ganin mai ba da umarni, haka kuma ba ya ganin mai riƙe da kyamara. Saboda haka idan fim ya yi armashi ɗan wasa ake yaba wa, idan kuma ya ɓaci shi ake tsine wa. Duk da wannan matsayi nasa, mutane da yawa a ƙasar Hausa, har da wasu masu ilimi, suna ɗaukar fitowa a fim a matsayin abin da kowa zai iya, muddin yana da kyan fuska kuma ba ya jin nauyin jama'a. Wasu kuma suna ganin ai sana'a ce ta waɗanda suka rasa abin yi.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wa mai karatu, musamman malaman makaranta da iyayenmu dattawa, cewa wasan fim sana'a ce mai ƙa'idoji da sharuɗɗa kamar ƙira ko jima ko ɗinki. Za a duba tushenta a cikin al'adun Bahaushe, da hanyoyin da ta biyo kafin ta iso ga kyamara, da abubuwan da ake bukata ga mai yin ta, sa'annan a kawo matsalolin da suke damun ta.

2.0 Kwaikwayo a Al'adar Bahaushe

Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san kwaikwayo, kuma yana amfani da shi wajen koyar da tarbiyya da gyara halayen jama'a. Yara mata suna wasan 'yartsana, inda suke kwaikwayon aure da haihuwa da zaman gida, su kuwa yara maza suna hawan dokin kara suna kwaikwayon hawan salla. A cikin watan azumi, bayan an sha ruwa goma, akan fita tashe. A nan ne ake ganin yaro ya manna auduga a haɓarsa, ya ranƙwafa, ya dogara sanda, ya zama tsoho tukuf, wani kuma ya rataya layu da ƙulle-ƙullen saiwoyi ya zama Jatau mai magani. A birnin Kano akwai Nalako, sarkin gwagware, wanda yake kama tuzurai a yi musu tashe domin a zaburar da su su yi aure.

A gidajen sarauta kuma an san wasan gauta, wanda matan fada suke yi, inda wata za ta fito a matsayin sarki, wasu a matsayin hakimai da fadawa, su kwaikwayi tafiyarsu da maganarsu da irin yadda suke yanke hukunci, har wanda ake kwaikwaya ya gane aibinsa ba tare da an faɗa masa baki da baki ba. Samarin karkara suna da kalankuwa, su kuwa 'yan kama sun shahara da kwaikwayon malamai masu wa'azi, sai dai duk wa'azin nasu a kan tuwo da fura da nama yake ƙarewa.

Idan aka lura da waɗannan wasanni za a ga sun ƙunshi ginshiƙai uku: sauya kama ta hanyar sutura, da sauya murya, da lura da halayen mutane har a iya maimaita su. Waɗannan ukun su ne har gobe jarin ɗan wasan fim.

3.0 Daga Makaranta Zuwa Kyamara

Wasan kwaikwayo na zamani ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofar makarantun boko. Littafin Wasannin Hausa Shida na Dokta R. M. East shi ne ya buɗe fagen rubutaccen wasa, daga baya aka samu Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Malam Aminu Kano ma, a lokacin da yake koyarwa, ya riƙa shirya wasanni da ɗalibansa. Wato ke nan malaman makaranta su ne masu ba da umarni na farko a wannan fage.

Ta ɓangaren hoto mai motsi kuwa, gwamnatin mulkin mallaka ta riƙa yawo da majigi gari-gari tana nuna finafinan wayar da kai, irin su Baban Larai da ya shafi noman zamani. A shekarar 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, inda Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. An gyara wannan fim an sake nuna shi a bikin finafinai na birnin Balin ta ƙasar Jamus a 2018, kuma wanda ya kalle shi zai ga irin natsuwa da kamalar da 'yan wasan wancan lokaci suke da ita.

Gidajen rediyo da talabijin su ne suka zama babbar makarantar 'yan wasa. A Kaduna aka san Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. A Jos aka yi Karkuzu na Bodara, a Kano kuma aka san irin su Bashir Nayaya Ɗanmagori. A gefe guda kuma ga ƙungiyoyin wasan daɓe na samari a unguwanni. Ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa ta Kano, ita ce ta fitar da Turmin Danya a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo, kuma Ibrahim Mandawari yana cikin waɗanda suka fito a ciki. Kafin ƙarshen shekarun 1990 harkar ta bunƙasa, finafinai irin su Sangaya suka fito da sababbin taurari kamar Ali Nuhu da Fati Mohammed, aka kuma laƙaba wa masana'antar sunan Kannywood a 1999.

4.0 Bambancin Wasan Daɓe da Wasan Fim

A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, har da waɗanda suka goge a dandamali. Mai wasan daɓe yana tsaye ne a gaban ɗaruruwan mutane, kuma dole na can ƙurya ya ji shi ya kuma gan shi. Don haka yake ɗaga murya, yake buɗe hannuwa, yake zaro ido idan ya firgita. Ita kuwa kyamara tana iya matsowa har fuskar mutum ta cika allon kallo. A irin wannan hali ɗan motsin leɓe ko ƙifta ido ya isa ya isar da saƙo, kuma abin da ya yi daidai a dandamali sai ya koma zuzutawa da shirme. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to kyamara fuskar take tambaya, kuma ba a iya yi mata ƙarya cikin sauƙi.

Wani masanin fim na ƙasar Rasha mai suna Kuleshob ya yi wani gwaji a wajejen 1920 da ya tabbatar da haka. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa wadda ba ta nuna komai, sai ya haɗa ta da hoton kwanon miya, da na gawa a cikin akwati, da na wata mace a kishingiɗe. Masu kallo suka riƙa yaba wa ɗan wasan, wai ya nuna yunwa a nan, ya nuna baƙin ciki a can, ya nuna sha'awa a ɗaya wurin, alhali fuska ɗaya ce ba ta sauya ba. Darasin shi ne, mai kallo da kansa yake cike giɓi, don haka ɗan wasan fim ba ya bukatar ya yi komai da ƙarfi.

Bambanci na biyu shi ne tsarin ɗauka. A dandamali labari yana tafiya daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya. A fim kuwa ana bin wurin ɗauka ne, wato abin da 'yan fim suke kira lokeshan. Idan an ari gidan wani attajiri na kwana biyu, duk fitowar da ta shafi gidan sai an ɗauke ta a cikin kwana biyun nan. Ta haka sai a ɗauki fitowar da aka saki mace da safe, a ɗauki ta ranar da aka kawo ta amarya da yamma. Wajibi ne ɗan wasa ya riƙe labarin gaba ɗaya a kansa, ya san a kowace fitowa me ya riga ya faru da wanda yake wakilta, me kuma bai faru ba tukuna.

Na uku shi ne maimaici. Fitowa ɗaya akan ɗauke ta daga nesa, a sake ta daga kusa, a kuma sake ta daga bayan abokin magana. Idan ɗan wasa ya ɗauki kofin shayi da hannun dama a ɗauka ta farko, tilas ya yi haka a sauran, idan kuma karin hularsa ya kwanta hagu, kada a gan shi a dama. In ba haka ba mai tace hoto ba zai iya haɗa su ba. Haka nan idan kuka ake yi, sai ya iya kawo hawayen nan sau huɗu ko biyar, ga fitilu suna gasa shi, ga ma'aikata sun kewaye shi, wani lokaci ma abokin maganar tasa ba ya wurin, bango kawai yake kallo.

5.0 Abubuwan da Ake Bukata ga Ɗan Wasa

5.1 Fahimtar Wanda Ake Wakilta

Konstantin Stanislabski, ɗan ƙasar Rasha da ya rayu daga 1863 zuwa 1938, shi ne wanda koyarwarsa ta fi tasiri a kan horar da 'yan wasa a duniya. Ginshiƙin koyarwar tasa shi ne ɗan wasa ya tambayi kansa: da ni ne a cikin wannan hali, yaya zan yi? Sa'annan ya gano abin da wanda yake wakilta yake nema a kowace fitowa. Alal misali, idan aka ba mace matsayin uwar miji mai takura wa surukarta, mai ƙaramar basira za ta tsaya ga harara da tsaki da ɗaga murya. Ƙwararriya kuwa za ta tambayi kanta me ya sa wannan tsohuwa take haka. Wataƙila ita kaɗai ta yi wahalar ɗan nan tun yana maraya, yanzu kuma tana tsoron a raba ta da shi. Da zarar ta gano haka, sai mai kallo ya ga mutum irin wadda ya sani a unguwarsu, ya ji haushinta ya kuma tausaya mata.

5.2 Lura da Jama'a

Kasuwa da tasha da majalisar dattawa da gidan biki su ne littattafan ɗan wasa. Zaman mahauci daban yake da na malamin zaure, tafiyar basarake daban take da ta ɗan kamasho. Abin da ya sa Samanja ya karɓu shi ne Usman Baba Pategi tsohon soja ne, ya san Hausar bariki da tsawar samanja tun daga tushe. Shi ma Rabilu Musa Ibro, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya koma fim kacokan, ya kuma rasu a 2014, ƙarfinsa yana ga yadda ya naƙalci halayen mutanen karkara da 'yan cuwa-cuwar birni. Mutane suna ɗaukar barkwanci, wanda 'yan fim suke kira camama, a matsayin wasa mai sauƙi, alhali ya fi kowanne bukatar sanin lokacin da za a saki magana da lokacin da za a yi shiru.

5.3 Murya da Harshe

Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma kuskure kaɗan yana sauya ma'ana. Bayan haka akwai karin harshe na yankuna. Wanda aka ce Basakkwace ne ko Bakatsine a cikin labari, bai kamata a ji shi yana zuba Kananci ba, haka kuma bai dace a mayar da karin harshen wasu abin dariya kawai ba. Fim ɗin da aka gina a kan zamanin da, kamar na sarauta da yaƙi, yana bukatar ɗan wasa ya tsarkake bakinsa daga kalmomin Ingilishi da na zamani, ya san kirari da yadda ake gaisuwa a fada.

5.4 Sanin Al'ada

Wannan shi ne sashen da ya fi shafar aikin raya al'adu. Yawancin abin da Bahaushe yake ji a ransa ba ya furta shi. Budurwa takan sunkuyar da kai tana wasa da gefen mayafi, mace ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗan farinta, suruki yakan tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa, uba kuma yakan nuna jin daɗinsa da ɗansa ta hanyar gyaɗa kai kawai. Ɗan wasan da bai tashi cikin wannan tarbiyya ba, ko bai tsaya ya koye ta ba, zai riƙa aro motsin jiki daga finafinan Indiya da na Amurka, sai a ga sutura ta Hausa, magana ta Hausa, amma ɗabi'a ta wasu.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya keɓanta da finafinan Hausa. Bisa koyarwar addini, da kuma ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano wadda aka kafa a 2001, namiji da mace ba sa taɓa juna a gaban kyamara, ko da kuwa sun fito a matsayin mata da miji ko uwa da ɗa. Uwar da ɗanta ya dawo bayan shekara goma ba za ta rungume shi ba. Dole ta nuna wannan farin ciki da idonta da rawar muryarta da yadda ta rasa inda za ta sa hannunta. Wasu suna ganin wannan takura ce, amma a haƙiƙa ya sa ƙwararrun cikinsu sun iya magana da fuska fiye da yadda ake zato.

5.5 Ladabin Aiki

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ɗan wasan da ya makara ya tsayar da mutum ashirin ko fiye, kuma kuɗin hayar kayan aiki yana tafiya. Haddace magana, da halartar gwaji, da biyayya ga mai ba da umarni, da sauraren abokin wasa a bar shi ya kai aya, duk suna cikin sana'ar.

6.0 Matsalolin da Suke Fuskantar Sana'ar

Matsala ta farko ita ce ƙarancin horo. A shekarun kaset, finafinai da dama ba su da cikakken rubutu. Mai ba da umarni yakan bayyana abin da ake so a fitowa, 'yan wasa su ƙirƙiri maganar nan take. Wannan ya yi amfani ga waɗanda suka fito daga wasan daɓe, amma ya jawo surutu mai yawa da maimaita zance. Ga shi kuma akan gama fim cikin 'yan kwanaki, babu lokacin gwaji.

Ta biyu ita ce ɗaure mutum a matsayi ɗaya. Wanda ya yi fice a matsayin mugu, ko boka, ko malami, shi ke nan ba za a sake ba shi wani ba. Marigayiya Saratu Giɗaɗo, wadda aka fi sani da Daso, ta rasu a 2024, kuma mafi yawan masu kallo a matsayin masifaffiyar mace suka san ta, saboda irin matsayin da aka fi ba ta ke nan.

Ta uku ita ce fifita rawa da waƙa. Tasirin finafinan Indiya, waɗanda aka daɗe ana nunawa a gidajen sinima na Kano da Kaduna da Jos, ya sa a wani lokaci waƙa ce take sayar da fim. A irin wannan fitowa mawaƙi ne yake rerawa a situdiyo, ɗan wasa yana motsa baki kawai. Hakan ya sa aka riƙa zaɓen masu kyan sura da iya taka rawa a kan masu iya wasa.

Ta huɗu, wadda ta fi ciwo, ita ce yadda jama'a suke kasa rarrabe ɗan wasa da matsayin da ya fito. Wanda ya fito a ɓarawo sai a riƙa yi masa kallon ɓarawo a kasuwa, wadda ta fito a karuwa kuma abin yakan bi ta har wajen neman aure. Gaskiya ne akwai masu ɓata sunan sana'ar da halayensu, kamar yadda ake samu a kowace sana'a, amma hukunta mutum saboda ya iya kwaikwayon mugu daidai yake da hukunta yaron tashe saboda ya sa gemun auduga.

An samu sauyi tun daga lokacin da kasuwar kaset da faifan CD ta durƙushe. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sa'annan aka samu Labarina na Aminu Saira da Izzar So a dandalin YouTube daga 2020. Irin waɗannan suna bukatar rubutaccen labari da ɗan wasan da zai riƙe hali ɗaya na tsawon shekaru, kuma sun buɗe ƙofa ga dattawa da sababbin fuskoki. Naɗin da aka yi wa Ali Nuhu na shugabancin Hukumar Finafinai ta Nijeriya a 2024 ya nuna inda sana'ar take iya kai mai ita.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa wasan fim ya tsiro ne daga kwaikwayon da Bahaushe ya gada, ya ratso ta makaranta da rediyo da talabijin, kuma yana da ƙa'idojin da sai an koya ake iyawa. Akwai wuraren koyonsa, kamar Cibiyar Koyar da Harkar Fim ta Ƙasa da ke Jos, da sassan wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano. Sai dai tushen yana makarantun firamare da sakandare, inda ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka yi rauni ƙwarai. Ana kira ga malamai da su farfaɗo da su, su riƙa sa ɗalibai suna wasa da littattafan da ake karantawa a aji maimakon haddace su don jarrabawa kawai. Su kuma dattawa, su ne suka san yadda ake gaisuwa a fada, da yadda ake neman aure, da yadda ake zaman makoki a da. Idan suka buɗe ƙofa ga masu shirya fim suka gyara musu, za a rage kurakuran da ake kuka da su. Yaran yau da yawa a fim suke fara ganin rawani da alkyabba da lefe da buɗar kai, kuma yadda ɗan wasa ya nuna musu haka za su ɗauka al'adar take.